Kukun Soja Da Kwandalar Yabo

Duk wanda ya saba shiga Gwarinpa a Abuja, watau babban rukunin gidajen nan da aka kafa a zamanin mulkin Janar Sani Abacha, ya san unguwa ce wadda hafsoshin soja da yawa suka zaɓa don zama, waɗansu suna bakin aiki, waɗansu kuwa sun riga sun ajiye kaki. Har ma akwai wani sashe na gidaje a cikinta da ake kira da sunan Kwalejin Yaƙi. In aka yi wa baƙo iso zuwa falon irin waɗannan manya, abin da zai fara gani shi ne hotunan fareti da allunan yabo jere a bango. In kuwa ya ƙara kai ido cikin kabad ɗin gilashi, ba wuya ya tarar da waɗansu ƙarafa masu kama da kuɗi, sun fi tsohuwar dala faɗi da kauri, kowanne ɗauke da tambarin wata runduna ko wata makarantar soja, ta gida ko ta ƙasashen waje. Ko goro ɗaya ba za a sayar wa mutum da su a kasuwa ba, amma maigidan yana iya faɗin ranar da aka ba shi kowanne, da wurin, da sunan wanda ya danƙa masa.

Waɗannan su ne kwandalolin yabo na soja. Sun bambanta da lambar girma wadda ake rataya wa mutum a ƙirji da ƙyalle mai launi, gama ita lambar girma hukuma ce ke ba da ita bisa doka, a rubuta ta cikin takardun aikin soja. Kwandala kuwa kyauta ce ta hannu da hannu. Kwamanda yakan ɓoye ta a tafin hannunsa, ya miƙa wa ƙaramin soja hannu kamar za su gaisa, ta haka sai ta koma hannun wanda aka yaba wa. Daga cikin masu karɓar irin wannan kwandala a waɗansu ƙasashe har da mutumin da ba a cika tunawa da shi ba in ana zancen yaƙi, watau kuku.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga haɗa ƙarfen kuɗi da girman soja. A shekarar 1907 Turawa suka fara buga anini don ƙasar nan, ɗan ƙaramin kuɗi mai huda a tsakiya, da tauraro mai tsini shida a bayansa, da rubutun Larabci mai faɗin darajarsa. Goma ne ke yin kwabo. Da farko da goran ruwa aka yi shi, kafin a sake masa ƙarfe a shekarar da ta biyo. An daɗe da daina kashe anini, yaran yanzu ma ba su taɓa ganinsa ba, amma sunan bai mutu ba, domin har gobe tauraron da ke kafaɗar hafsa anini ake ce da shi. Akan ce wane mai anini biyu ne, wane kuma mai igiya uku. Ashe mafi ƙanƙantar kuɗin ƙarfe da aka taɓa kashewa a kasuwannin Arewa shi ne ya hau kafaɗar manya ya zauna.

Game da asalin kwandalar yabo, akwai wani labari da sojojin Amurka ke son bayarwa. Wai a Yaƙin Duniya na Farko wani matuƙin jirgin sama nasu ya faɗa hannun Jamusawa, suka ƙwace masa takardunsa duka, ya sulale ya gudu har ya kai wurin Faransawa, su kuma suka ɗauke shi ɗan leƙen asiri za su harbe shi. Wai abin da ya cece shi shi ne wani ƙarfe mai tambarin rundunarsa da ke rataye a wuyansa cikin 'yar jakar fata. Labarin yana da daɗin ji, amma babu wata takarda ta wancan lokaci da ta tabbatar da shi, ko sunan matuƙin ma babu. Abin da ke da tushe shi ne, a lokacin yaƙin Koriya, tsakanin 1950 da 1951, Kanar William Quinn ya sa aka buga wa mayaƙan Runduna ta 17 ta sojan ƙasa wata kwandala mai hoton ɓauna. Sa'an nan a 1969 Kanar Verne Greene, kwamandan Runduna ta 10 ta mayaƙan musamman, ya sa aka yi wa mutanensa tasu. Daga nan al'adar ta yi ta yaɗuwa har ta game rundunonin ƙasar, ta tsallaka zuwa sojojin waɗansu ƙasashe da ke zuwa kwas ko aikin haɗin gwiwa tare da su. Har wasa suka ƙaga a kanta: in ana zaune wani ya fito da tasa ya buga a kan tebur, duk wanda aka tarar bai zo da tasa ba shi zai saya wa jama'a abin sha. Shugaba Bill Clinton ya tara su da yawa, har ana ganinsu jere a bayansa cikin hoton da aka zana masa na fadar mulki. A 2011 kuma an ga Ministan Tsaro Robert Gates yana bin sojoji ɗaya bayan ɗaya a Afganistan yana gaisawa da su, kowa na tafiya da kwandala a hannu.

To, yaya aka yi ta isa madafa?

Gasar girki tsakanin rundunonin Amurka ta riga yaɗuwar kwandala. Mayaƙan sama ne suka fara a 1957, da wani kofi mai sunan John L. Hennessy, wani babban ma'aikacin otal wanda ya zauna cikin kwamitin da gwamnati ta kafa don duba yadda ake ciyar da soja, ya ba da shawarar a riƙa sa madafai su yi takara. Mayaƙan ruwa suka biyo baya a 1958 da kyautar tunawa da Kyaftin Edward F. Ney, wanda ya riƙe sashen abincinsu a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Ran 23 ga watan Maris, 1968, sojan ƙasa suka kafa tasu da sunan Philip A. Connelly, tsohon shugaban wata ƙungiyar manajojin gidajen abinci, wanda ya daɗe yana faɗi-tashi don a girmama kukun soja. Mayaƙan kundumbala na ruwa su ma suka kafa tasu a 1985, da sunan Manjo Janar W.P.T. Hill.

Abin da ya cancanci a tsaya a duba a nan shi ne yadda ake gudanar da gasar, musamman ta Connelly. Ba a tara gwanaye a wani zaure a ce kowa ya dafa abin da ya fi iyawa. Alƙalai ne ke tashi takanas su je inda madafar take. Ana farawa daga cikin bariki, wanda ya yi nasara ya hau matakin babbar runduna, daga nan a kai ga na ƙasa baki ɗaya. Cikin alƙalan akwai soja, akwai kuma farar hula waɗanda sana'arsu ke nan, ba su da wani kwamanda da za su ji tsoronsa. Sukan ɗanɗana abinci, amma ɗanɗano kashi ɗaya ne kawai. Ana duba tsabtar wuri da ta masu girki, da yadda ake ajiye kayan abinci, da littafin lissafi, watau abin da ya shigo sito da abin da ya fita da yawan bakin da aka ciyar, da lafiyar kayan aiki, da irin horon da babban kuku ke ba na ƙasa da shi. Akwai rukunin madafar bariki, akwai kuma na madafar daji, inda dole a kafa tanti da murhu a fili kamar ana bakin daga, a ciyar da mayaƙa cikin lokacin da aka yanka. Rundunar da ta ci ta ɗauki kofi. Amma shi kofi na runduna ne, a ofis zai zauna, kuku kuwa gobe ana iya yi masa canjin wurin aiki ya tafi ya bar shi. Nan ne kwandala ta sami gurbinta: kwamandoji da masu duba gasar suka riƙa danƙa ta ga mutum ɗaya ɗaya da suka ga ya yi fice, ko da rundunarsa ba ta kai labari ba. Abu ne da zai sa a aljihu ya bi shi duk inda ya tafi, har ranar da zai nuna wa jikokinsa.

Kafin a zo wannan matsayi, kuku ba ya samun yabo sai ya ajiye ludayi. Misalin da ya fi shahara shi ne na Doris Miller, wani baƙar fata mai hidimar ɗakin cin abinci a jirgin yaƙin ruwa na West Virginia. Ran 7 ga watan Disamba, 1941, da jiragen Japan suka auka wa tashar Pearl Harbor, ya yi ta ɗaukar waɗanda suka ji rauni, kana ya kama wata babbar bindiga wadda ba a taɓa koya masa sarrafa ta ba, ya yi ta harbi. A watan Mayun 1942 aka rataya masa lambar jarumta. Ya cancanta ƙwarai. Amma shekarun da ya yi yana ciyar da mutane, waɗannan ba su shiga lissafi ba. Ingila ma sai a 1941 ta kafa rundunar kukumai ta musamman. Kafin nan kowace bataliya ita ke zaɓen mai dafa mata daga cikin mutanenta, kuma ba kasafai ake tura wanda ake ji da shi ba.

Mai karatu zai ce, to, ina ruwan biri da gada? Ruwan shi ne, ba sojan da ya fi na ƙasar nan sanin abin da yunwa ke yi wa mayaƙi. Tun zamanin jihadi, bayan nasarar Tafkin Kwatto a 1804, ƙarancin abinci na daga cikin abubuwan da suka fi wahalar da jama'ar Shehu, har ya sa suka ƙaura zuwa ƙasar Zamfara a shekarar da ta biyo. Sarakunan dauri sun san wannan, shi ya sa a fadar Kano akwai sarautar Sarkin Hatsi.

Amma wahalar da ba ta da misali ita ce ta kogin Rufiji. A ƙarshen 1916 aka kwashi birged guda na sojan Nijeriya, yawancinsu 'yan Arewa, aka kai su Gabashin Afirka, ƙasar da ake kira Tanzaniya yanzu, don su yaƙi Jamusawa. Da farkon 1917 damina ta sauka da ƙarfi, hanyoyi suka yanke, motoci suka kafe, dabbobin dako suka mutu. Abincin da ake raba wa soja ya koma rabi, daga nan ya yi ƙasa da haka. Mutane suka shiga harbin dorina, suna tonon saiwoyi a daji, har waɗansu suka ci masu dafi. Ƙarti majiya ƙarfi waɗanda suka bar gida suna taƙama suka koma ƙashi da fata ba tare da harsashi ya taɓa su ba. Ɗan abin da ke isowa kuwa a kan 'yan dako yake zuwa, mutanen da ba su da bindiga, suna ratsa laka da ruwa da kaya a ka, su ma suna faɗuwa a hanya.

Da aka gama yaƙin aka zo rabon lambobi, sai bambanci ya fito a jikin ƙarfen kansa. Lambar yaƙi ta Ingila an buga ta da azurfa wajen miliyan shida da rabi, aka kuma buga kimanin 110,000 da tagulla don leburori irin na Sin da Malta da Indiya. Hoto ɗaya, rubutu ɗaya, amma mai bindiga azurfa, mai ɗaukar kaya tagulla. Waɗanda suka mutu kuwa, a 2021 hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel ta amsa da bakinta cewa aƙalla mutum 116,000, mai yiwuwa ma har 350,000, yawancinsu 'yan Afirka, ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba. Da yawa daga cikinsu 'yan dako ne masu kai wa mayaƙa abinci.

A yaƙin Bama ma haka aka sake. Runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma sun shiga dazuzzukan Kaladan da Arakan inda mota ba ta iya bi, jiragen sama na jefo abinci da laima, sa'an nan dubban sojoji masu dako su ɗauka a ka su bi duwatsu da shi. Da wannan dabara aka kai ga kama Myohaung a watan Janairun 1945. Sunayen wuraren suna nan a barikokin ƙasar nan: Myohaung a Yaba, Arakan a Apapa, Kalapanzin a Kaduna, Chindit a Zariya. Mazan jiya sun dawo da tauraron Bama a ƙirji, amma irin lambobin da Ingila ta raba a wannan yaƙi ba a zana sunan mai su a jiki ba. In lambar ta fita daga hannun iyalinsa, shi ke nan, ba mai sanin ta wace ce.

Yau ciyar da sojan ƙasa yana hannun Rundunar Guzuri da Sufuri, wadda ke da makaranta a Binin inda ake koyar da aikin girki tare da tuƙi da sauran ayyukanta. Mutanen wannan runduna suna tare da mayaƙan Haɗin Kai a Arewa maso Gabas da na Fansan Yamma a Arewa maso Yamma. Aikinsu ba na rago ba ne. Kuku a bakin daga yakan tashi tun kafin assalatu, ya nemi ruwa a wurin da ruwa ke wuya, ya hura wuta a inda hayaƙi ke iya tona asirin sansani, ya kuma tabbatar abin da ya dafa bai kwantar da bataliya guda da gudawa ba. Tukunya ɗaya marar tsabta tana iya yin ɓarnar da abokan gaba ba su yi ba a wata guda. In aka kawo hari kuwa, harsashi ba ya tambayar wane ne mai muciya.

A farkon 2025 Hafsan Hafsoshin Sojan Ƙasa na lokacin, Laftanar Janar Olufemi Oluyede, ya ba da sanarwar ƙara kuɗin abincin soja na kullum daga N1,500 zuwa N3,000. An yi abin kirki, ko da yake duk mai zuwa cefane ya san iyakar abin da wannan kuɗi zai saya wa ƙato sau uku a rana. Kafin wannan ƙari an sha ganin ƙananan sojoji suna kuka da abin da ake zuba musu a kwano, har hotuna na yawo a wayoyin jama'a. Abin lura shi ne, a irin wannan kuka kuku ne ke shan zagi, gama shi ake gani riƙe da ludayi, alhali shi abin da aka auna masa ya dafa. Tsakanin ofishin da aka sa hannu a takardar kuɗi da murhun da ke cikin daji akwai hannuwa da yawa, ga ɗan kwangila, ga mai sito, ga mai mota.

Wani abin mamaki, mutum ɗaya tak da ya yi suna a ƙasar nan ta hanyar ciyar da soja ba soja ba ne. Mace ce, Mammy Ochefu, matar Anthony Ochefu wanda daga baya ya zama Kanar har ya yi Gwamnan Jihar Gabas ta Tsakiya daga 1975 zuwa 1976. A 1959, mijinta yana ƙaramin soja a barikin Inugu, ta fara sayar da wani abin sha irin kunu, sojoji suka yi ta tururuwa, har aka ware mata wuri a bayan bariki. Daga nan kasuwar mami ta samo suna, ga ta nan a kusan kowane bariki, har da na Mogadishu a Abuja inda mutanen gari ke zuwa cin gasasshen kifi. Ba hukuma ce ta ba ta wannan girma ba, cikin sojoji ne ya ba ta.

Saboda haka in za a ari wani abu daga wannan al'ada ta Amurka, kada a fara da ƙarfen. Buga kwandala ba wuya, ga Kamfanin Buga Kuɗi na ƙasa nan tun 1963, kuma ko maƙeran farar ƙira na Kano da masu aikin tagulla na Bida za su iya fitar da wadda ta fi ta Turawa kyau. Haɗarin shi ne ta zama abin musaya tsakanin manya kawai, wannan ya ziyarci wancan a ofis su ba juna a ɗauki hoto, ta ƙare a kabad ɗin Gwarinpa ba ta taɓa shiga aljihun kofur ba. Abin da ya ba kwandalar kukun Amurka daraja shi ne binciken da ke gabanta. Alƙalin da zai je ya buɗe sito ya ƙirga buhunan shinkafa, ya gwada su da abin da ke rubuce a littafi, ya zauna ya ci daga tukunyar da kurtu ke ci, wannan alƙali ba kuku kaɗai yake dubawa ba. In ya tarar da miya ba nama, dole ya tambayi inda naman ya tsaya. Ta haka gasar girki takan zama hanyar bin sawun kuɗin abinci ba tare da an kira ta da wannan suna ba, kuma kwamandan da ya san baƙi na zuwa duba madafarsa kowace shekara zai riƙa leƙa ta da kansa.

Wurin bayarwa ma yana nan a shirye. Kowace shekara ran 6 ga watan Yuli ake bikin Ranar Sojan Ƙasa, inda Hafsan Hafsoshi ke yaba wa waɗanda suka yi fice. Ba abin da zai hana a kira madafar da ta fi kowace a bariki da wadda ta fi kowace a bakin daga, a faɗi sunan bataliyar a bainar jama'a, a kuma bayyana makin da kowace ta samu don na baya su san inda suka gaza. Sharaɗi dai kada a sanar da ranar zuwan alƙalai, domin kowa ya san yadda ake share gida a yanka rago in an ji baƙo na tafe. A kuma sa farar hula cikinsu, irin malaman makarantun koyon aikin otal da jami'an duba-gari, waɗanda ƙarin girmansu ba ya hannun kowane hafsa.

Ita kwandalar kuma a zana sunan mai ita. Lambar da Ingila ta ba mayaƙan Waterloo a 1816, wadda aka raba wa kowa daga janar har farabiti iri ɗaya, an buga sunan kowane soja da rundunarsa a gefenta, shi ya sa har yau in aka tsinci ɗaya ana iya gano mai ita bayan shekara fiye da 200. Gefen kwandala mai faɗin inci biyu ya isa ya ɗauki sunan kuku, da lambarsa ta aiki, da bataliyarsa, da shekarar da aka ba shi.